Igiyar da Boukari Ya Gani Ya Yi Shiru

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kewaye ta da ruwa, Ya sanya wa numfashin kowane bawa adadi, babu mai ƙara masa ɗaya, babu mai rage masa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin ɗan'uwanmu ne Boukari ɗan Habibou, wanda muka sallata a nan Greensboro ta ƙasar Amurka cikin watan Rajab da ya wuce. Na rubuta shi da izininsa, kai, da umarninsa ma, domin jama'a sun ɗora masa wani yabo da ya rantse mini bai cancanta ba, kuma bai so a binne shi da shi.

An haifi Boukari a Gaya, a bakin kogin Kwara cikin ƙasar Nijar, a gidan Sarkawa, wato masuntan da suka gaji ruwa tun kakannin kakanni. Karatunsa na allo bai wuce izu biyar ba, amma abin da ya sani na ruwa ban ga mai saninsa ba cikin dukan waɗanda na zauna da su. Mahaifinsa Habibou shi ake kira idan jirgi ya kife, kuma yana da ƙa'ida guda da ya dasa wa 'ya'yansa da bulala. Idan ka ga mutum yana nitsewa, kada ka kusance shi nan take, domin a wannan lokaci ƙarfin mutum goma gare shi, abin da ya kama kuma ba ya saki, sai ku tafi ƙasa tare. Ka tsaya inda hannunsa ba zai kai gare ka ba, ka ƙirga ashirin, har ya sha ruwa hannuwansa su yi laushi, sa'an nan ka zagaya ta bayansa ka kama wuyan riga. Ashirin, ba ƙari. Ƙanen Habibou ya mutu ne rungume da wanda ya je ceto, shi ya sa tsohon ba ya wasa da wannan adadi. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin a kanta tarihin mutumin nan ya juya.

Ya shigo Amurka a shekarar 1999. Ya yi wata shida a New York, sanyi da tsada suka koro shi zuwa Greensboro, inda 'yan Nijar suka riga suka yi yawa. Ya sami aiki a wani katafaren sito a kan titin Wendover yana tuƙa motar ɗaga kaya, kuma a nan ya shekara ashirin da biyar ba a taɓa kai ƙararsa ba. Matarsa Hindou ta biyo shi bayan shekara biyu da 'yarsu ɗaya tilo, Ibtissam, tana 'yar shekara shida. Kowace Lahadi yakan ɗauki fatsa ya tafi tafkin da ke arewa da gari, ya dawo da tarwaɗa, ya yi bandarta cikin wata ganga da ya tsaga biyu a bayan gidan hayarsu. Ranar Juma'a kuma ya zo masallaci da ƙunshe-ƙunshe ya raba wa dattawa. Babu gidan Bahaushe a garin nan da bai ci kifin Boukari ba.

Cikin waɗanda suka ci akwai Dakta Ubale, mutumin Kano, malami a ɗaya daga jami'o'in garin nan, mai gida a Summerfield cikin maƙwabta masu kiwon dawaki. Ban ambace shi don in ci mutuncinsa ba. Yana raye, kuma ya san ina wannan rubutu. Mutum ne mai kyauta, mai tsantseni a kan tsarki da alwala har ya kai ga waswasi, sai dai yana ɗauke da cutar da ta halaka na farkon masu saɓo, wato duban asali.

Ɗansa Haris ya ga Ibtissam a jami'a, suka daidaita, aka sa ranar da Dakta zai zo neman aure, wata Lahadi bayan azahar cikin shekarar 2016. Boukari ya aro kujeru, ya gayyaci dattawa shida, ina cikinsu. Ya kamo kifi mafi girma da ya taɓa samu a tafkin nan, Hindou ta yi miya da shi. Dakta bai iso ba sai dab da la'asar. Ya zauna, bai taɓa abinci ba, ya ce, "Malam Boukari, kafin mu shiga magana, can gida me kuke yi? Iyaye da kakanni nake nufi."

Boukari ya ce, "Sarkawa ne mu, Dakta. Ruwa muka gada."

Dakta ya ce, "Wato su ke nan, kamun kifi."

"Su, da fito, da ceton wanda ya faɗa."

Dakta ya ɗaga kai ya shaƙi iskar ɗakin, ya dube mu yana murmushi. Ya ce, "Ai tun daga matakala na ji. Ku gafarce ni, malamai, yaron nan nawa bai yi bincike ba ne. Turare yana rufe ƙarni na yini guda, amma ba ya fitar da shi daga jini. Ba zan kai jikoki Kano dangi suna toshe hanci ba."

A bayan ƙofa muka ji kofunan shayi sun yi ƙara a kan tire. Ibtissam ce take tsaye da shi za ta shigo mana. Ba ta shigo ba. Na ce, "Dakta, ka ji tsoron Allah." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ina neman gafarar Ubangiji a kan ƙarancinsa. Boukari bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya raka baƙonsa har mota kamar yadda ake yi wa baƙo, ya buɗe masa ƙofa da hannunsa, sa'an nan ya ce, "Dakta, a tudu ka same ni. Allah Ya haɗa mu a ruwa."

Dakta ya yi dariya ya ce, "Ni da ruwa sai alwala da wanka."

An kai Haris Kano aka yi masa aure a can. Maganar kuwa ta fita daga ɗakin nan ta shiga bakin mata a wuraren suna da biki. Masu neman aure biyu sun zo wa Ibtissam bayan haka, dukansu suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba. Ta gama karatu ta zama ma'aikaciyar jinya, ta daina cin kifi, ta daina zuwa taron mata. Boukari ya gaya mini cewa wata safiya ya wuce ƙofar ɗakinta ya gan ta riƙe da mayafinta tana shinshinawa kafin ta yafa. Ya ce abin da Dakta ya faɗa ya iya haɗiyewa, amma wannan da ya gani bai wuce masa a maƙogwaro ba.

Shekara bakwai ya riƙe abin. Ya daina kawo kifi masallaci, ga kowa. Idan sahu ya haɗa kafaɗarsa da ta Dakta, sai ya koma baya ya sake wuri. Na yi masa wa'azi a kan haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa, sai ya koma yi masa sallama domin ya fita daga laifi, amma irin sallamar da ake jefawa kamar tsakuwa. Na ce masa, "Boukari, gilli, wato riƙo a zuci, yana cin ladan mutum."

Ya ce, "Ya ci, Malam. Ina ƙara wani da nafila."

Cikin bazarar 2023, bayan babbar salla, matasan ƙungiyarmu suka shirya wa iyaye tafiyar shaƙatawa zuwa Puerto Rico. Sun zaɓi can ne domin ƙasar Amurka ce, ba a neman biza, mai katin zama ma zai je ya dawo. Cikin tsarin akwai yini guda a jirgin ruwa mai gudu, da ja-gora, za a zagaya ƙananan tsibirai, masu so kuma su shiga ruwa su kalli kifaye da gilashin fuska da bututun numfashi. Ibtissam ta ce za ta kai mahaifinta. Ya ce shi ya ga ruwa ya ishe shi. Da aka fitar da sunayen matafiya a waya ya ga na Dakta Ubale a sama, sai ya ce mata ta sa nasa. Ni ma na bi su domin in ja musu salla, kuma domin na karanta siffar teku a littattafai shekara hamsin ban taɓa hawanta ba.

Mu goma sha huɗu muka shiga jirgin da hantsi daga gaɓar garin Fajardo. Inji biyu gare shi a baya, kuma da matuƙin ya sake su sai gaban jirgin ya tashi sama, yana dukan ruwa yana sauka, hulunanmu suka fara tashi. Alhaji Rachid, abokin Boukari tun daga Gaya, amma ɗan kasuwa ba ɗan ruwa ba, ya rungume ƙarfen gefe yana salati da ƙarfi.

Boukari ya ce masa, "Alhaji, saki ƙarfen nan, ba matarka ba ce."

Rachid ya ce, "Kai ka san ruwa, ni na san ƙasa. Idan na sauka lafiya, ko kwatami ba na ƙara tsallakewa."

Ban taɓa ganin Boukari kamar ranar ba. Yana tsaye tsakiyar jirgi bai riƙe komai ba, gwiwoyinsa suna karɓar kowace igiyar ruwa kafin ta iso. Ruwan kuwa garau yake, kore yana komawa shuɗi, har kana ganin yashin ƙasa da inuwar jirgi a kansa. Muka wuce wani tsibiri da babu kowa sai tsuntsaye, da wani mai farin rairayi kamar gari. Na yi tasbihi ga Wanda Ya ƙaga wannan tun babu mai kallo.

Ja-gorarmu wata budurwa ce 'yar ƙasar, sunanta Yaritza, mai fara'a, sanye da kayan aikinta na ruwa. Da muka tsaya kusa da tsibiri na biyu ta raba rigunan ruwa, irin masu hana nitsewa, ta yi bayani, Ibtissam tana fassara wa waɗanda ba sa jin Turanci. Ta ce kowace riga tana da maɗauri biyu a ƙirji, da wata igiya da ake ratsawa tsakanin ƙafafu a ɗaure ta gaba, kuma wannan igiya ita ce ke hana rigar zamewa ta kai idan mutum ya ɗaga hannu. Sa'an nan ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana jan maɗauran da hannunta.

Dakta bai yi niyyar shiga ba. Rachid ne ya tsokane shi, ya ce, "Dakta, ku masu ilimi ai daga sama kuke kallon duniya. Bar wa Sarkawa ruwansu." Sai Dakta ya miƙa hannu aka ba shi riga. Ya ɗora ta a kan kaftaninsa na shadda da dogon wando, domin ba zai tuɓe a gaban mata ba. Da Yaritza ta iso gare shi ya ja da baya, ya ɗaga tafin hannu, ya ce mata da Turanci kada ta taɓa shi. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ina da alwala tun asuba, ba zan ɓata ta a hannun wannan ba." Yarinyar ta ba shi haƙuri, ta nuna masa a jikinta yadda zai yi, ya ce ya gane. Ta wuce wurin mata. Ya ɗaure maɗauri ɗaya na sama, na biyun bai kai ba saboda tumbi, igiyar ƙafafun kuwa ya ga ratsa ta a gaban jama'a rashin kamun kai ne, sai ya cusa ta cikin aljihun kaftani.

Boukari yana zaune daura da shi. Na ga idonsa ya sauka a kan aljihun, ya daɗe a can, sa'an nan ya ɗauke kai ya dubi tsibiri. A lokacin ban fahimci abin da na gani ba.

Ni da Rachid muka zauna a jirgi. Yaritza ta ja mutane gaba domin ta nuna musu wani kunkurun teku, matuƙi kuma yana can gaban jirgi yana gyara igiyar anga. Dakta ne na ƙarshen sauka. Ya saki tsani, rigar ta ɗauke shi, ya kifa fuska ya ga kifaye, har na ji yana dariya ta cikin bututu. Ruwan wurin yana da ja a hankali, ya kai shi bayan jirgi, nesa da sauran. Can ruwa ya shiga bututunsa, ya ƙware, ya ɗaga hannu biyu sama domin ya cire gilashin. Rigar ta zame ta kansa kamar an zare ta, ta yi gefe tana yawo. Shadda ta sha ruwa ta naɗe masa ƙafafu.

Sau ɗaya ya yi kira, kuma sunan Boukari ya kira.

Boukari yana kusa da shi, bai fi tsawon mutum biyu ba, domin tun saukarsa bai bi masu kallon kunkuru ba. Yana tsaye cikin ruwa kamar mai tsayuwa a tabarma, kansa kaɗai a waje, leɓunansa suna motsi. Na ɗauka addu'a yake yi. Dakta ya nitse ya ɗago, ya nitse ya ɗago, hannuwansa suna dukan ruwa. Rachid yana ihu, "Boukari, kama shi mana! Kama shi!" Matuƙi ya jefa tayar ceto ta faɗi nesa. Hannuwan Dakta suka yi laushi, suka daina duka, Boukari yana nan, leɓunansa suna motsi. Sai da kan Dakta ya ɓace ƙarƙashin ruwa, sa'an nan Boukari ya nitsa. Bai daɗe ba ya fito da shi ta wuyan riga, ya jawo shi kwance a bayansa har tsani, cikin sauƙin da ya ba ni tsoro.

Aka shimfiɗe Dakta a cikin jirgi ba ya numfashi, leɓunansa sun yi shuɗi. Ibtissam ta hau tsani ta ture mu, ta yage kaftanin daga wuya, ta danna ƙirjinsa, ta ɗora bakinta a kan nasa ta hura. Ta yi ta yi har ruwa ya fito masa ta baki da hanci, ya yi tari. Mutumin da ya ƙi mace ta taɓa maɗaurin rigarsa, da numfashin 'yar Sarkawa ya dawo duniya. Jirgin ya juya da mu da gudun da ya fi na zuwa. A gaɓa, bayan motar asibiti ta tafi da shi, na ji Ibtissam ta ce wa mahaifinta a hankali, "Baba, kai ne mafi kusa da shi. Me ya tsayar da kai?"

Ya ce, "Ƙa'idar kakanki ce. Ba a taɓa mai nitsewa sai ya gaji."

Ta ce, "Ya gaji tuni, Baba. Ina gani." Ta matse ruwa daga mayafinta, ta ƙara da cewa, "Ni ban aike ka ba."

Dakta ya kwana tara a asibiti. Ruwan gishiri ya taɓa masa huhu, ciwo ya biyo baya, ya bar masa tabo. Tun daga nan numfashinsa ya gajarta. Wanda yakan tsaya a taro ya yi jawabin sa'a guda, ya koma ba ya ƙarasa jimla sai ya huta a tsakiyarta, har ya ajiye koyarwa kafin lokacinsa. Jama'a kuwa suka ɗauki Boukari suka ɗora a ka, suna cewa ga wanda ya rama cuta da alheri. Ni kaina na yi huɗuba a kan yafiya na kawo shi misali. Ina tsakiyar magana na ga ya tashi ya koma sahun ƙarshe.

Dakta ya aika masa da rago da turmin shadda, ya mayar da su. Juma'ar da ta biyo sai ga Boukari da ƙunshin kifi banda, bayan shekara bakwai, amma guda ɗaya tak. Ya jira aka fito ƙofar masallaci inda jama'a suka fi yawa, ya miƙa wa Dakta, ya ce, "Ga shi, Dakta, na jiya ne, ƙarninsa bai tafi ba." Dakta ya sa hannu biyu ya karɓa. Haka ya riƙa yi kowace Juma'a har shekara biyu, Dakta yana karɓa, yana ɗauka har mota, man kifin yana fitowa ta takarda yana taɓa masa riga. Mutane suna cewa dubi zumunci. Ibtissam kuwa, tun dawowa daga tafiyar nan, ta kama ɗaki kusa da asibitin da take aiki, ba ta zuwa gida sai ranar hutu.

Da ciwon hanta ya kwantar da Boukari a ɗan gidan da ya saya a McLeansville, ya aika aka kira ni wata safiya. Ya sa Hindou ta fita, ya ce, "Malam, huɗubarka ƙarya ce, amma ba kai ka yi ta ba, ni na yi. Na ga igiyar nan a aljihunsa. Kalma ɗaya zan faɗa ya ɗaure ta, ban faɗa ba. Kuma a ruwa ba addu'a nake ba, ƙirga nake. Ubana ya ce ashirin. Ni arba'in na ƙirga."

Na ce, "Ka yi nadama?"

Ya ce, "Ashirin na farko na ubana ne, sana'a ce. Goma da suka biyo na mayafin Ibtissam ne, ba na nadamarsu, ko yau aka mayar da ni zan ƙirga. Amma goman ƙarshe, Malam, babu wanda nake rama wa. Daɗi kawai nake ji. Su nake tsoro."

Na gaya masa abin da na sani, cewa haƙƙin bawa yana nan rataye har mai shi ya yafe, kuma ramuwa idan ta wuce gwargwado ta koma zalunci, mai ramawa ya zama abin nema. Na ce ko shirun da ya yi a kan igiyar abin tambaya ne. Ya ce shirun nan yana cikin goman Ibtissam. Na ce ba shi ke yanka wa kansa rabo ba. Ya ce, "To a kira Dakta. Dama so nake ya sani. Ba na son ya mutu yana zaton don girmansa na nitsa."

Washegari da hantsi na ɗauko Dakta a motata. Ibtissam tana nan, ta ɗauki hutu tana jinyar mahaifinta. Boukari ya faɗa masa duk abin da ya faɗa mini, bai rage ba, bai sassauta ba, yana kallon tsakiyar idonsa. Dakta ya saurara yana jan numfashi da ƙyar, sa'an nan ya ce, "Na sani. Duk ɗagowar da na yi... bakinka nake gani. Mai addu'a... ba ya kallon mutum haka."

Boukari ya ce, "Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Da na faɗa... sai a tambayi dalili."

Boukari ya ce da ɗan Faransancin 'yan Nijar, "Bon. Goman ƙarshe nake roƙo ka yafe mini. Sauran ban roƙe ka ba."

Dakta ya dubi Ibtissam da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce, "'Yata, abin da na faɗa... a gidanku..."

Ta ce, "Dakta, na hura maka numfashina ba ka toshe hanci ba. Wannan ya ishe ni amsa. Yafiya kuma ka ba ni lokaci, ban iso can ba tukuna." Ta juya ga mahaifinta ta gyara masa matashi, ta ce, "Kai ma haka, Baba."

Dakta ya dafa sandarsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Goman ƙarshe... na yafe. Na tsakiya kuwa, tunda ba ka roƙa ba... ni ma ban bayar ba. Mu haɗu a can."

Boukari ya ce, "Mu haɗu."

Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu, ranar Talata da walaha, kansa a cinyar 'yarsa. Ni da Rachid muka yi masa wanka. A maƙabarta Dakta Ubale ya tsaya a sahun farko, ya kuma kama makara ya yi taku kaɗan da ita kafin numfashi ya tsayar da shi. Da na juya na roƙi jama'a duk mai haƙƙi a kan mamaci ya yafe, muryoyi suka tashi da "mun yafe". Na dubi Dakta. Bakinsa a rufe yake, kuma bai kawar da kai ba.

Wannan shi ne abin da Boukari ya umarce ni in rubuta domin a daina yabonsa da abin da bai yi ba. Ya ciyar da gidajenmu shekaru, bai taɓa cin haƙƙin wurin aikinsa ba, ya fitar da mutum daga teku da rai, kuma ya bar shi ya sha ruwan da bai kamata ya sha ba. Goman nan na tsakiya suna nan tsakaninsu, na bar su ga Wanda ba a ɓoye masa motsin leɓe ko abin da ke bayansa.

Ya Allah, ga bawanKa Boukari ɗan Habibou ya zo gare Ka da abin da ya roƙa da abin da ya ƙi roƙo. Ka jiƙansa, Ka sanyaya ƙirjin da ya ƙone shekara tara, Ka tausasa zuciyar mai haƙƙi a kansa tun yana da sauran numfashi, Ka ba Hindou da Ibtissam haƙurin rashinsa. Kada Ka bar shi ya jira cetonKa ko da ƙirga ɗaya. Amin.